Masu kama kurungu, ku riƙa tafiya da filaya

'Yan uwa masunta, in kurungu ya shiga raga, kada ku ja shi. Ku fara datse ƙayoyinsa uku da filaya, ɗaya a gadon baya, biyu a gefen kai.

Da ya ji hannu sai ya miƙar da su su kulle, ga haƙora a jikinsu kamar zarto. Kana ja, zare na tsinkewa. Bara a kogin Haɗeja kwana biyu na yi ina ɗinkin raga, ga yatsa ya kumbura yana zogi har dare.

Amma in da ransa za ka kai kasuwa, bar masa ƙayarsa, ka warware zaren a hankali. Guntayen ƙayoyin da aka datse kuma a binne su, yara na yawo ba takalmi a bakin ruwa.