Kafin ka ɗora wa kwamfaila laifi kan manunin aiki a Fortran

Lokacin hunturun bara na shafe kwana huɗu a Tudun Wada, Gombe, ina fama da wani firogiram da na rubuta da yaren kwamfuta na Fortran, mai lissafin gudun ruwan Gongola a ƙasan dam ɗin Dadin Kowa. Hanyoyin lissafi biyu gare ni, sai na sa manunin aiki (procedure pointer, wato abin da ke nuna aikin da firogiram zai kira), wanda ya shigo cikin yaren a Fortran 2003, ya riƙa zaɓar wadda za a kira. Da -O0, wato in kwamfaila (manhajar da ke mayar da rubutun firogiram zuwa abin da kwamfuta ke gudanarwa) ba ta yi masa gyaran ƙara sauri ba, lafiya lau. Da na sa -O2, mai kunna gyaran, sai firogiram ɗin ya faɗi. Har na fara rantsuwa kwamfaila ce ta lalace.

Ɗan'uwa, fara da naka gefen. Harhaɗa da gfortran, kwamfailar Fortran ta GCC, ka ƙara zaɓuɓɓukan binciken kuskure -g -Wall -fcheck=all -std=f2008. Ba manunin abstract interface, wato bayanin irin abubuwan da aikin ke karɓa, don kwamfaila ta iya kama maka in adadin abin da kake miƙawa bai dace ba. Kafin kowane kira, tambaya da associated ko manunin yana nuna wani aiki.

Wurin da ya ci ni shi ne nan: manunina yana nuna wani ƙaramin aiki da ke cikin sashen contains na wani subroutine, wato aiki a cikin wani aiki. Fortran 2008 ya halatta haka, amma da uwar, wato subroutine ɗin da ke ɗauke da shi, ta gama ta koma, manunin ya zama fanko, yana nuna wurin da aka riga aka share. Na ɗauke aikin na kai shi cikin module, shi ke nan. Ka kuma lura: rubuta => null() a wurin bayyana manuni cikin subroutine yana ba shi save a ɓoye, wato yana riƙe abin da yake nunawa bayan an fita, kira na biyu zai tarar da abin da na farko ya bari. In manunin yana cikin type (tsarin bayanai da ka ƙirƙira) kuma ba ka son a miƙa wa aikin abin da ke ɗauke da manunin, sa nopass.

Amma in ka ga “internal compiler error”, wannan kam laifin kwamfaila ne, ko da rubutunka yana da kuskure. Yi ta yanke firogiram ɗin, layi bayan layi, har ya rage kamar ashirin kuma matsalar tana nan. Gwada shi a wasu kwamfailoli, ifx na Intel ko Flang, da sabon fitowar gfortran, don sau da yawa an riga an gyara. In har yanzu tana nan, duba Bugzilla na GCC, shafin da ake kai rahoton kurakurai, ko wani ya riga ka, sannan ka aika guntun, da lambar fitowar da gfortran --version ta nuna maka, da ainihin umarnin da ka buga.