Yadda Ɗalibai Za Su Shirya Taron Ƙaddamar da Gidauniya a Jami'a, Kuɗin Kuma Su Shigo Hannu

Tun daga 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista, da wuya zangon karatu ya wuce ba a ga wata ƙungiyar ɗalibai ta buga katin gayyata zuwa taron ƙaddamar da gidauniya ba. Wasu suna nema ne don 'yan'uwansu da suka kasa biyan kuɗin makaranta, wasu don abokin karatu da ke kwance a asibiti, wasu kuma don gyaran masallacin tsangayarsu. Na zauna a kwamitin irin wannan taro sau uku ina ɗalibi, kuma abin da na yi ta gani bai sauya ba: zaure ya cika, a yi kabbara da tafi, a karanta adadi mai daɗin ji, bayan wata biyu a tambayi ma'aji ya kasa haɗa ido da kowa. Ba cin kuɗin ya yi ba, kuɗin ne ba su taɓa zuwa ba.

Abu na farko shi ne kwamiti ya san nawa yake nema, don wa, kuma zuwa wace rana. Cewa «don tallafa wa ɗalibai marasa ƙarfi» ba ta isa ta sa ɗan kasuwa ya sa hannu a aljihu ba, domin ya ji irinta sau ɗari. Abin da ke motsa shi shi ne a ce masa ɗalibai goma sha biyu ne, ga abin da ake bin kowanne, ga kuma ranar da jami'a za ta rufe shafin rajista. Kafin a rubuta sunan ɗalibi a jerin, a tambaye shi ko ya nemi rancen NELFUND, wato rancen karatu na gwamnatin tarayya, wanda aka buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, wanda kuma ba shi da kuɗin ruwa kuma kai tsaye ake biya wa makaranta. Wanda ya samu wannan bai kamata ya tare gurbin wanda ba shi da ko'ina ba. Jerin sunayen ya tsaya a hannun mutum uku kacal, kuma ni ban yarda a tsayar da ɗalibi gaban jama'a ana nuna shi ana cewa ga wanda ya gaza ba. Lambar rajista da sashe sun wadatar ga mai son tabbatarwa.

Daga nan sai izini. Ƙungiyar da ba ta sabunta rajistarta a Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai ba, kada ma ta fara buga kati, domin ba za a ba ta ɗakin taro ba, masu tsaron ƙofa kuma suna iya hana baƙinta shiga. A rubuta takarda ta hannun uban ƙungiya, wato malamin da ke kula da ita, a kai da kai, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. Wajen zaɓen rana, a nisanci mako uku na gab da jarrabawa, a nisanci tsakiyar wata lokacin da albashi ya ƙare, a kuma bar aƙalla mako shida tsakanin taron da ranar rufe rajista. Safiyar Asabar ta farkon wata ita ce zaɓina. Watan azumi yana da albarkar kyauta, amma taron rana a cikinsa yakan mutu tun kafin azahar, don haka in za a yi a lokacin, gara a haɗa shi da buɗa baki.

Asusun ajiya kuwa ba a sasautawa a kansa. Kada kuɗin jama'a su shiga asusun ɗalibi ɗaya, ko da shi ne limamin ɗakin kwana, domin kare shi ake yi daga zargi, ba tuhumarsa ake yi ba. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu ko uku, ɗaya daga cikinsu uban ƙungiya. Banki zai nemi kundin tsarin ƙungiya da rahoton zaman da aka yanke shawarar buɗe asusun, abin kuma yakan ɗauki makonni, shi ya sa ake fara shi tun ranar da aka kafa kwamiti.

Game da kashe kuɗi, dokata ita ce kada ɗawainiyar taro ta wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ake nema, kuma 'yan ƙungiya ne za su haɗa ta daga aljihunsu, ba a ci bashi da sunan za a cire daga gidauniya ba. Ɗakin lakca na tsangaya ya wadatar, ba sai an kama zauren biki a cikin gari ba. Ruwan sha, lasifika mai kyau da man janareta su ne dole. Allunan karramawa da ake bugawa ana raba wa kowane baƙo suna cin kuɗin rajistar ɗalibi guda ko biyu, alhali takardar godiya mai tsabta tana yin aikin. Tikitin sa'a da wasu ke kwaikwayowa, wanda ake saya don a ci waya ko firji, a bar shi, saboda da yawa daga cikin waɗanda za ku gayyata caca suke ɗaukarsa, kuma mutum ɗaya ya faɗi haka a zauren ya isa ya sanyaya taron.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa, inda ni ma na faɗi. A taronmu na farko mun ɗauka cewa girman sunan babban mai ƙaddamarwa shi ne girman abin da za a samu, don haka muka yi wata guda muna zarya ofishin wani mai riƙe da muƙamin siyasa har ya amince. Ranar taro bai zo ba, ya aiko wakili cikin babbar riga, wanda ya karɓi makirfo ya ba da haƙuri, ya ce maigida ya ƙaddamar da gidauniyar da adadin da ya kai rabin abin da muke nema. Zaure ya ɗauki kabbara. Waɗanda suka biyo bayansa, ganin haka, kowa ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa don kada a raina shi. Da aka watse muka zazzage kwalin a kan tebur, abin da ke ciki bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka shelanta ba, yawancinsa kuma 'yan ɗari biyar-biyar ne da dubu-dubu na ɗalibai da ƙananan malamai. Mun yi sawu bakwai zuwa wancan ofishi, kullum a ce maigida yana Abuja, har aka rufe rajista.

Darasin da na ɗauka shi ne, ana tara kuɗin gidauniya ne kafin taro, taron kuwa wurin shaida ne da godiya. Saboda haka a rubuta sunayen mutum ashirin zuwa talatin da ke da wata alaƙa ta gaskiya da ƙungiyar: tsofaffin ɗaliban sashen da suka kama aiki, 'yan kasuwar garinku, misali na Kantin Kwari ko Singa in a Kano kuke, malaman tsangaya, da iyayen da Allah ya hore wa. Gaban kowane suna a rubuta wanda zai kai ku wurinsa, domin kati da aka ajiye wa maigadi ba ya kawo ko sisi. A je mutum biyu, cikin shiga ta mutunci, da takarda mai sa hannun uban ƙungiya. Bayan gaisuwa a faɗi buƙata a taƙaice, sannan a yi tambayar da ɗalibai suke jin nauyinta: «Ranka ya daɗe, ɗalibi nawa za mu rubuta a sunanka?» Wannan ta fi «a taimaka da abin da ya sauƙaƙa» nesa ba kusa ba, domin ta ba shi ma'auni, ya san kuɗinsa mutum za su ɗauka ba rami za su faɗa ba. Idan ya ce biyu, a roƙe shi ya tura kafin ranar taro, a shaida masa cewa za a ambaci abin da ya riga ya bayar. Babban mai ƙaddamarwa kuwa a zaɓe shi daga cikin waɗanda suka riga suka biya, ko da Alhajin da ke sayar da siminti ne a bakin tasha. Manyan masu muƙami a gayyace su a matsayin manyan baƙi, in sun bayar alhamdu lillahi, amma kada a ɗora lissafi a kansu.

A ranar taro, a ajiye tebur kusa da ƙofar fita, ba can kusa da mumbari ba, a zaunar da mutum uku: mai karɓar tsaba yana ba da rasit, mai riƙe da na'urar POS, da mai littafin alƙawari. Lambar asusu ta kasance a jikin takardar shirin taro da kuma allo, da manyan lambobi. Duk wanda ya ce ya tura, a duba a manhajar banki kafin a shelanta, saboda hoton rasit a waya ba shaida ba ne, kuma an sha ganin alat na bogi. Duk wanda ya yi alƙawari a makirfo, ɗalibi ɗaya ya bi shi wurin zamansa da kati nan take, cikin ladabi, ya cike suna, adadi, ranar biya da lambar wayar wanda za a tuntuɓa, ya kuma sa hannu. Idan wakili ne, lambarsa da ta sakataren maigidan duka ake so. Sannan mai gabatarwa ya riƙa faɗin adadi biyu dabam, abin da ya shigo hannu da abin da ke matsayin alƙawari, kada ya kuskura ya haɗa su. Wannan yana rage armashin tafi, na sani, amma yana sa wasu masu alƙawari su zaro waya su tura a take don sunansu ya koma layin farko, yana kuma hana ɗaliban da ke jira su ɗauka an tara miliyoyin da kwamiti ya ɓoye.

Akwai wanda zai ce abin da ya bayar zakka ce. A rubuta wannan a shafi na dabam, a kuma tuntuɓi malami kan waɗanda suka cancanta cikin rukunai takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, domin irin wannan kuɗi ba a sayen ruwa ko man janareta da su.

Shirin taron kansa kada ya wuce awa biyu. Addu'a, jawabin shugaban taro, bayanin buƙata na minti biyar, sai ƙaddamarwa tun baƙi ba su fara duba agogo ba. Laccar baƙo mai jawabi, in dole ce, ta zo bayan an karɓi kuɗi. A ƙirga tsaba a gaban uban ƙungiya kafin kowa ya bar ɗakin, a sa hannu, a kai banki ranar aiki ta farko.

Bibiyar alƙawari tana farawa ne washegari da saƙon godiya, wanda a ƙarshensa aka maimaita adadi da lambar asusu. A kwana na uku a kira, a cikin mako a je da ƙafa, kuma wanda ya kai ku wurin mutumin tun farko shi ne zai sake raka ku. Alƙawarin da ya wuce mako biyu ya fara sanyi, wanda ya kai wata kuwa sai dai in Allah ya yi. Bayan zuwa uku a bar mutum da mutuncinsa, kada a kai shi Facebook, domin ƙungiyar za ta sake buƙatar jama'ar garin baɗi.

Wajen rabo, kada a damƙa wa ɗalibi tsaba. Ya ciro lambar biyan kuɗinsa ta Remita, kwamiti ya biya, a ajiye kwafin rasit. A fara da 'yan ajin ƙarshe idan kuɗin ba su isa kowa ba. A buga rahoto na shafi ɗaya, abin da aka yi alƙawari, abin da ya shigo, abin da aka kashe da yawan ɗaliban da aka biya wa, a aika wa duk wanda ya bayar, a liƙa kwafi a allon sanarwa, a kai ɗaya Sashen Harkokin Ɗalibai. Littafin alƙawarin kuma, da alamar wanda ya cika da wanda bai cika ba, a miƙa shi ga sabbin shugabanni ranar da aka rantsar da su, tare da lambobin waɗanda suka yi muku jagora zuwa kowane gida.