Yadda ake ɗora zanen fannonin ilimi bakwai na tsohuwar Turai a kan kayan kyauta

Yawancin masu fara wannan aiki tun wajen zaɓen hoto suke yin ɓarna. Su ga zane mai kyau a intanet, su sauke, su manna a kofi, ba su san me ke ciki ba.

Zanen da aka fi nema shi ne na littafin Hortus Deliciarum, wanda Herrad, shugabar gidan mata masu ibada na Hohenburg a yankin Alsas, ta haɗa wajen shekarar 1180. Asalin littafin ya ƙone a Strasbourg a 1870 lokacin yaƙin Faransa da Furushiya, don haka duk abin da za ka samu kwafi ne na waɗanda suka zana shi kafin gobarar, irin na Engelhardt da ya fito a 1818. Shi ya sa launi yake bambanta daga wannan kwafi zuwa wancan. Ka shiga Wikimedia Commons ka ɗauki mafi girma. Wanda aka turo maka ta WhatsApp kuwa, rabu da shi, an riga an matse shi.

Sai ka zauna ka san mutanen ciki. A tsakiya Falsafa ce a kan karaga, rawaninta da kawuna uku, Sokiratis da Aflatun na zaune ƙarƙashinta. Mata bakwai sun kewaye ta, kowacce na wakiltar fanni ɗaya na ilimi. Nahawu na riƙe da littafi da bulala, Balaga da allo da alƙalami, Manɗiƙi kuma kan kare ne a hannunta. Sauran huɗun su ne Lissafi, Handasa, wato ilimin awon siffofi, mai kamfas da sandar awo, Kiɗa da kayan kiɗanta, sai Ilimin Taurari tana nuna sama.

Nan ne na taɓa jin kunya. A ƙasan da'irar, daga waje, akwai maza huɗu zaune suna rubutu, kowanne da baƙin tsuntsu a kusa da kunnensa. Na ɗauka malamai ne. Na yanko su su kaɗai, na buga a faranti, na kai wa wani tsohon malamina da ya yi ritaya. Ya sa tabarau, ya karanta Latin ɗin da ke jiki, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, waɗannan ai mawaƙa ne da matsafa, tsuntsayen nan aljanu ne ke yi musu raɗa." Herrad da gangan ta fitar da su daga da'irar ilimi. Tun daga ranar nake yanke su gaba ɗaya idan kyauta ce. Haka ma Nahawu mai bulala, kar ka kai wa malamin firamare sai ka san yana da raha. Kan karen nan kuma ka yi tunani kafin ka miƙa wa dattijo.

Da'ira ba ta zama a kofi. Hannun kofin zai cinye mata biyu, sauran su lanƙwashe. Cikakken zanen na faranti ne, ko tire, ko tayil mai faɗi. A kofi mace ɗaya ta isa, da bakan da ke samanta. In akanta ne za ka ba kyautar, ka ba shi Lissafi, injiniya kuma Handasa.

Rubutun Latin na gefen da'irar ƙanana ne ƙwarai. In hoton bai kai ɗigo 300 a kowane inci ba, zai fito kamar sawun tururuwa. Ka fara gwadawa a farar takarda da ainihin girman da kake so. Gara asarar takarda ɗaya da asarar faranti.

Sauran aiki sananne ne. Tawada da takardar sabilimeshan, wato bugun da zafi ke shigar da tawada jikin kaya, abin da za a buga a kai kuma ya zama mai rufin foliyesta, don kofin kasuwa na yau da kullum ba ya kama tawadar komai arharsa. Ka juya hoton kamar a madubi kafin ka fitar a firinta, in ba haka ba rubutun zai fito a baibai. Ka ɗaure da tef mai jure zafi, ka danna a injin matsi mai zafi wajen digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Celsius, minti nawa kuma ka bi abin da mai kayan ya rubuta. Cire takardar da sauri kar ta goga, ka bar shi ya huce, sannan ka sa ƙaramin kati a kwalin mai ɗauke da sunan matar da abin da ke hannunta.