Yadda Ake Kallon Hoton Karkara Mai Baƙi da Fari na Lokacin Hunturu

Wanda yake son ya amfana da hoton karkara mai baƙi da fari, musamman wanda aka ɗauka da sanyi domin adana yadda manoma ke rayuwa, sai ya ba shi lokaci. Ya fara tsayawa daga ɗan nesa domin ya ga inda haske ya taru da inda duhu ya kwanta, sannan ya matso.

Abin da ya fi cancantar a zuba wa ido shi ne ruwan tokar da ke tsakanin baƙin da farin. A wajajen 1940 masu ɗaukar hoto Ansel Adams da Fred Archer na Amurka suka kasa wannan tazara zuwa matakai 11, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe gonaki, ana gane gwani ne idan farin bai cinye komai ba, har ana iya ganin sawun ƙafa a kansa. Mu a ƙasar Zazzau hazo ne ke yin wannan aiki, wato ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele na Chadi, tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu. Hazo yana kashe kaifin inuwa, ya mayar da sama fara. Saboda haka idan hoton gonakin da ke gindin Dutsen Kufena ne, a lura da yadda karan dawa na gaba ya fito da duhu, itatuwan tsakiya suka dushe, dutsen kuma ya kusa ɓacewa, domin wannan jeri shi ne yake gaya wa ido nisa. Wasu suna ƙara wa irin wannan hoto duhu a kwamfuta har hazon ya gushe, kuma a ganina sun ɓata shaidar da aka ɗauki hoton dominta.

Tun da babu kore babu ja, itatuwa ne za su faɗi lokaci. Kuka takan zubar da ganye da rani, rassanta su fito tsirara. Gawo kuwa da damina yake kaɗe ganye, da rani yake tohowa, don haka duk inda aka ga gawo ya yi duhu da ganye, shanu na kiwo a ƙarƙashinsa cikin gonar da aka girbe, to kaka ta wuce. Haka nan duhun da kan bayyana a bakin kogin Galma yawanci ba inuwa ba ne, fadama ce da masu noman rani suka shuka.

Daga nan a koma kan mutane. A dubi mayafin da tsoho ya duƙunƙune a ciki, da kaushin dunduniyar mai sussuka, da hayaƙin wutar da yara ke jin ɗumi, da jinkar rumbu ko sabuwa ce ko tsohuwa.

Kada a tsallake bayanin da ke ƙasan hoto, domin sunan ƙauye da shekara su ne ke ba da damar a kwatanta gonar jiya da ta yau. In da hali, a nemi wanda aka wanke a takarda a duba shi kusa da taga, saboda hasken waya yana haɗiye matakan toka masu laushi.