Kurakuran da muke yi da lambobi, daga aji har gun mai POS

Jama'a, yawancin rikicinmu da lissafi daga waje ɗaya yake tasowa, muna ɗauka alamar da aka rubuta ita ce adadin kansa. Yaro a Tudun Wada da safe a boko ya rubuta 7, da yamma a islamiyya ya rubuta ٧, agogon bango mai lambobin Romawa ya nuna VII, kwamfuta kuma 111 take ajiyewa a cikinta, amma duk bakwai ɗin nan ce dai. Gyaran ba wuya, kafin a ba yaro biro a zuba masa tsakuwa ya ƙirga da hannunsa.

Wanda ya fi damuna shi ne yadda muka sallama wa kalkuleta. Ka raba 10 gida uku ta nuna 3.3333333, ka kwafe ka ninka da 3 sai ga 9.9999999, mutum ya fara tambaya ina sauran ya shiga. Ba inda ya je, sulusi ne ba ya rubutuwa cif a tsarinmu na goma-goma, ko takarda za ta miƙe daga Kawo har Zariya ukun nan ba za su ƙare ba. Shi ya sa nake jinjina wa malamanmu masu rabon gado, su da sulusi da sudusi da sumuni suke aiki, su fitar da asalin mas'ala, wato adadin da kowane kaso zai fita daga cikinsa cif, tukuna sannan a taɓa kuɗi. Kai ma bar shi a 10/3 har ka gama, sai a ƙarshe ka yanke.

Haka 22/7 da ake haddatar da yara wai shi ne pi, wato adadin da ake samu in an raba tsawon kewayen da'ira da faɗinta. Kusa ne kawai, 22/7 na ba da 3.1428, pi kuwa 3.1415 ne ya ci gaba, kuma tun 1761 wani masanin lissafi mai suna Lambert ya tabbatar ba wani kaso da zai kama shi daidai. Don Allah malamai ku riƙa cewa "kusan".

Sai raina sifiri, wai ai ba komai ba ne. Romawa ba su da alamarsa sam, masanin lissafi Brahmagupta na ƙasar Indiya ne ya rubuta ƙa'idojin sifiri a shekarar 628 miladiyya. Matsayi yake riƙewa, shi ya raba 5,000 da 50,000, don haka in mai POS ya juyo maka da na'ura a Kasuwar Barci ka ƙirga sifilan ɗaya bayan ɗaya kafin ka danna lambar sirri, ko da layi ya yi tsawo a bayanka.