Yadda Ake Sāke Fasalin Tsohon Keken Kuruza

Kuruza shi ne keken nan mai nauyi, mai ƙatuwar taya da faffaɗan sirdi, wanda ake zama a kansa a miƙe. Kamfanin Schwinn na birnin Shikago ne ya yayata shi a Amurka a 1933, da taya mai girman inci 26 da faɗin 2.125, kuma a 1938 ya fito da firam mai lanƙwasassun sanduna wanda har yau ake kwaikwaya. Ƙarfensa mai kauri ne, yana jure walda da lanƙwasa, shi ya sa masu sha'awar haɗa keke suke farautar tsofaffinsa. Sai dai kafin ka yanke ko ka kankare komai, bari firam ɗin ya nuna maka salon da zai karɓa.

Mataki na farko: duba lafiyar firam

Kwance komai, ka bar ƙarfen tsirara, ka wanke shi. Bi duk mahaɗar sanduna da fitila kana neman tsagewa, musamman ƙasan wuyan keke da wajen da feda ke shiga. Idan fenti ya yi yamutse a bayan wuya, alama ce an taɓa yin karo da keken. Tsatsar da ke sama ba matsala ba ce, amma wadda ta huda ƙarfe ta gama da shi.

Sannan gwada ko ya karkace. Ɗaure zare a bakin da tayar baya ke shiga ta hagu, ja shi ya zagayo wuyan keke, ya dawo bakin dama. Auna tazarar zaren da sandar sirdi a kowane gefe. In sun zo daidai, madalla. In bambancin kaɗan ne, mai gyaran keke zai iya miƙar da shi, tunda baƙin ƙarfe ne. Kada ka manta da ƙarfen sirdi: in ya maƙale, zuba man sassauta tsatsa ka bar shi ya kwana biyu, kada ka hau shi da guduma.

Mataki na biyu: zaɓi salo

A nan ne ake daɗewa. Idan fentin asali yana nan, ko da ya koɗe, ni dai ina ganin asara ce a kankare shi. Irin wannan firam ya dace da salon tsatsa, wanda aka aro daga masu gyaran tsofaffin motocin Amurka: a bar shekaru su bayyana a jiki, amma duk abin da ke juyawa ya zama sabo fil. Shi ne mafi araha, kuma ya fi sauƙi ga sabon shiga.

Idan kuwa hawa kake so a kan duwatsu da turɓaya, kulanka za ka haɗa, wato tsohon kuruza da aka gyara don hawan daji. Asalinsa gundumar Marin ta jihar Kalifoniya ne, inda a shekarun 1970 su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly suka riƙa gangarowa daga dutsen Tamalpais a kan tsofaffin firam na Schwinn na shekarun 1930 da 1940. A 1976 suka fara tseren Repack, gangaren da tsabar taka birki yake ƙone giris ɗin cibiyar tayar baya har sai an kwance an sake cusa wani. Daga wannan wasa keken hawa dutse na yau ya samo asali. Don haɗa shi, cire madigadi da murfin sarƙa da kwalliyar tanki, saka taya mai ƙuraje da faffaɗan kan keke mai sandar tokare a tsakiya.

Akwai kuma salon babur ɗin tsere, mai kwaikwayon baburan Indian da Harley-Davidson da ake tsere da su a kan dandamalin katako a shekarun 1910 zuwa 1920. Ana kifa kan keken ya kalli ƙasa, a sauke sirdi a tura shi baya, a toshe tsakanin sandunan sama da farantin ƙarfe ya yi kamar tankin mai. Yana da kyau a ido ƙwarai, amma bayanka zai gaya maka gaskiya in tafiyar ta yi nisa.

Na huɗu shi ne lorayda, salon unguwannin 'yan asalin Meziko a Los Anjelis. An fi gina shi a kan firam ɗin Sting-Ray mai taya inci 20, wanda Schwinn ya fitar a 1963, ko da yake ana yi da mai inci 26. Keke ne mai kusan jan ciki a ƙasa, da dogon sirdi, da fok (ƙarfen da ke riƙe tayar gaba) mai sifirin da aka lanƙwasa gaba, da murɗaɗɗun ƙarafa masu walƙiya, wili kuma mai sifoko 72 ko 144. Na nuni ne, kuma yana cin kuɗi.

Mataki na uku: auna kafin ka sayi kaya

Tsofaffin kekunan Amurka suna da nasu ma'auni. Ramin feda babba ne, faɗinsa milimita 51.3, an yi shi don hannun feda mai ƙarfe guda wanda ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. In kana son na zamani mai ɓangare uku, sai ka nemi zoben da ke rage ramin. Ƙarfen sirdin Schwinn siriri ne, milimita 20.6, na zamani ba zai shiga ba.

Taya ce ta fi yaudarar mutane. Mai lamba 26 x 2.125 tana hawa rim mai milimita 559, daidai da na keken hawa dutse. Amma rim ɗin Schwinn mai lamba S-7 milimita 571 ne, tayarsa 26 x 1 3/4. Duka inci 26 ake ce musu, alhali ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya, komai ƙarfin hannunka. Karanta lambar da ke jikin rim tukuna.

Mataki na huɗu: gyaran jiki

Ga mai barin fentin asali, jiƙa firam a ruwan da aka zuba sinadarin oksalik kaɗan yana cinye tsatsa ya bar fenti. Saka safar hannu, ka ɗauraye sosai, ka busar har cikin sanduna, sannan ka shafa kakin goge mota ko dafaffen man linsid siriri. Tsumman da ka shafa man da shi kada ka dunƙule shi a kwandon shara, yana iya kamawa da wuta da kansa. Shanya shi a buɗe ya bushe.

Ga mai sabon fenti: tsohon fenti kan ƙunshi dalma, don haka goge da samfefa a jiƙe, da takunkumi a hanci. Duk wata walda a gama ta kafin fenti.

Mataki na biyar: haɗawa da birki

Wanke boris ɗin wuya da na feda da na cibiyar taya, canza wanda ya ci, cika da sabon giris. Birkin yawancin kuruza a cikin cibiyar tayar baya yake, ana taka feda baya ya kama, irin na kamfanin Bendix ko New Departure. Yana da ɗan hannu da ake ɗaurewa a jikin firam da maɗauri, in ka bar shi sakaka birki ba zai riƙe ba. Kuma in sarƙa ta zame, ba ka da birki sam. Saboda haka kulanka, da duk keken da zai shiga gangare, a ƙara masa na gaba, ko da irin mai ganga na kamfanin Sturmey-Archer ne, wanda ba ya buƙatar a yi wa fok walda.

Ja tayar baya har sarƙa ta rage motsin kusan santimita ɗaya sama da ƙasa, ka ɗaure noti. In ka sauke keken ƙasa sosai, jingina shi gefe ka ga ko feda na taɓa ƙasa. In tana taɓawa, nemi gajeren hannun feda. Yi gwajin farko a fili marar motoci, ka dawo ka sake bin kowane noti da sifana.