Babi na 6: An Haɗa Inji, Kuloci Ya Ƙi Aiki

Sannunku da ƙoƙari. A babin da ya wuce kun kwance inji kun mayar da shi, kuma ya tashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ranar Asabar na ga ran wasunku ya ɓaci: an matse liba, wato ƙarfen da ake matsewa da hannun hagu, an taka giya, babur ya zabura ya mutu. Kada kowa ya karaya. Ko tsohon bakanike a Ƙofar Ƙaura yakan gamu da haka.

Darasin nan ya shafi babur irin Boxer da roba-roba, ya kuma shafi mai ƙafa huɗun nan da ake shiga gona da rairayi da shi, irin wanda ake taka wa giya. Dukkansu kulocinsu a cikin man inji yake aiki.

Darasi na 1: Gane ciwon tukuna

Idan ka matse liba har ƙarshe amma babur yana jan ka gaba, ko firi, wato inda babur ba ya cikin kowace giya, ta yi wuyar samu, kuloci ya ƙi saki. Idan ka murɗa totur inji yana ta ihu amma gudu bai ƙaru ba, kuloci yana zamewa. Idan kuwa liba ta zama sakwaf, ba ta da nauyi a hannu, to akwai abin da bai koma wurinsa ba. 

Darasi na 2: Jerin faranti

A nan kuka fi faɗuwa, saboda haka a nan za mu daɗe.

Kashe inji, cire makulli, ka bari ya huce. Juye mai a roba mai tsabta. Shimfiɗa buhu a ƙasa, domin ƙurar Katsina ba ta da kyau ga cikin inji, kuma ƙaramin noti idan ya faɗa rairayi sai dai haƙuri. Buɗe murfin dama. Dama ita ce gefen hannun da kake cin tuwo da shi idan kana zaune a kan babur.

Za ka ga faranti iri biyu. Akwai baƙi, mai kaushi, haƙoransa suna waje. Akwai fari, na ƙarfe zalla, mai santsi, haƙoransa suna ciki. Ɗauki ɗaya a kowane hannu ka shafa su da yatsa. Ka ji bambancin? Madalla.

Ga jerin: baƙi, fari, baƙi, fari, baƙi. Da baƙi ake farawa, da baƙi ake rufewa. Ku maimaita da baki: baƙi, fari, baƙi, fari, baƙi. Baƙi ba ya zama kusa da baƙi, fari ba ya zama kusa da fari. Shi ya sa idan ka ƙirga za ka ga baƙaƙen sun fi fararen da guda ɗaya. Idan baƙi 5 ne, fari 4 ne.

Sabon baƙin faranti ba a sa shi a bushe. Jiƙa shi a man inji mai tsabta tun dare, da safe ka sa. Bushasshe yana ƙonewa tun tashin farko, kuɗinka sun tafi a banza. Farin kuma ka kwantar da shi a kan gilashi. Idan yana rawa ko ya yi shuɗi-shuɗi, ya sha wuta ya lanƙwashe, ka canza shi.

Kafin faranti akwai washa ɗaya mai kauri, tana zama tsakanin babban gidan kuloci na waje da ƙaramin na ciki. Idan ka manta ta, noti zai manne su wuri ɗaya, ko ka matse liba har ta karye ba zai saki ba. Gwada da hannu: riƙe na waje, ka juya na ciki. Ya juya shi kaɗai? To washa tana nan. Yanzu jera faranti: baƙi, fari, baƙi, fari, baƙi.

Jama'a, sau nawa zan faɗi wannan? A makon jiya wani a ajin nan ya haɗa farare biyu wuri ɗaya, ya rufe murfi, ya zuba mai, don yana sauri ya kai fasinja Ɓatagarawa. Da na tambaye shi ya ce ya ƙirga a zuciya. Ba a ƙirgawa a zuciya. Da baki ake yi, yatsa yana kan farantin. Ku manya ne masu iyali, kuɗin faranti daga kuɗin cefane yake fitowa. Wanda ya san zai manta ya zana jerin da gawayi a jikin bango, babu kunya a ciki. Baƙi, fari, baƙi, fari, baƙi.

Sai sifirin. Ɗaure notinsu kaɗan-kaɗan, wannan sannan wanda yake kallonsa, kana zagayawa har su zauna daidai. Kada ka sa ƙarfi, ƙanana ne, suna karyewa a ciki. Kafin ka rufe murfi, sake duba jerin sau ɗaya.

Darasi na 3: Sanda da waya

Liba sakwaf? Duba ɗan ƙarfen da yake tura kuloci, ko yana raminsa. A wasu injuna doguwar sanda ce da ƙaramar ƙwallon ƙarfe, kamar ƙwayar gujjiya ko ƙasa da haka, ita ce take yawan ɓacewa. Duba kan buhunka.

Bayan haka ka daidaita wayar kuloci, wadda ta taso daga liba. A bar wa bakin liba ɗan wasa, milimita 10 zuwa 20, wato kusan faɗin yatsa ɗaya, kafin ta fara nauyi. Babu wasa, kuloci ya zame. Wasa ya yi yawa, ya ƙi saki.

Darasi na 4: Wanda ba shi da liba

Roba-roba da wasu masu ƙafa huɗu ba su da libar kuloci. A jikin murfin inji akwai sukuru da noti a kansa. A injin Honda, sassauta notin, juya sukurun hagu a hankali har ka ji ya ɗan cije, ka mayar da shi dama kaɗan, kada ya wuce kwatan zagaye ɗaya, ka riƙe shi ka ɗaure notin.

Darasi na 5: Mai

Sa man babur, wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa. Wasu man mota suna da santsin da yake sa faranti zamewa.

Darasi na 6: Gwaji

Ta da inji a firi, ya ɗumama. Riƙe birki, matse liba idan akwai, sa giya ta ɗaya. Idan har yanzu yana zabura, koma Darasi na 2.